Littafin aikina na bana: ƙwayoyin T, almakashin CRISPR da ɗan yaron Ibadan

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Ƙanwata da ke aji uku a sashen bayokemistiri a ABU Zariya ce ta matsa min, kullum sai ta ce Yaya wai me ki ke yi ne a lab ɗin nan tun safe har dare, shi ne na ce to bana zan riƙa rubutawa da Hausa yadda aikin ke tafiya, wanda ya yi kyau da wanda ya lalace duka, in ya so ita da ƙawayenta su karanta.

Shekarata ta uku kenan ina fosdok a wata jami'a a nan Amurka, wato aikin binciken da mutum ke yi a ƙarƙashin wani farfesa bayan ya gama digiri na uku kafin ya samu lab nasa na kansa. Aikina kan ƙwayoyin T ne, sojojin garkuwar jiki da ke yawo cikin jini. Ana ɗibar su daga jikin mutum, a ɗaura musu wata ƙugiya da ake ce wa CAR wadda za ta sa su gane cutar kansa su cafke ta, a ninka su su yi yawa, sannan a mayar da su jiki. CAR-T kenan. Ba sabon abu ba ne, tun 1989 Zelig Eshhar ya fara haɗa irin wannan ƙugiyar a Isra'ila, kuma a watan Agusta 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na farko, Kymriah, don kansar jini ta yara, a kan dala 475,000. Wannan kuɗin shi ne ya tsaya min a rai tun ina ɗaliba.

Yadda aka saba, bairos ake ba wa saƙon ƙugiyar ya kai cikin ƙwayar, shi kuma duk inda ya ga dama cikin DNA nan zai sauke kayansa, ga haɗa bairos ɗin mai tsaftar da za a iya sa wa ɗan Adam tsada ne da shi ga jiran layi. Ni so nake in yi ba tare da bairos ba. In sa almakashin CRISPR ya yanka wuri guda tak da ake kira TRAC a kan kuromosom na 14, inda saƙon ƙugiyar ƙwayar T ta asali yake, in ajiye saƙon ƙugiyar daidai nan. Lab ɗin Michel Sadelain a New York ne suka nuna a 2017 cewa in aka ajiye CAR a TRAC ƙwayoyin sun fi daɗewa ba su gaji ba, amma su da bairos suka kai saƙon. A 2018 lab ɗin Alex Marson a San Francisco suka nuna ana iya yi da wutar lantarki kawai. A kan kafaɗar waɗannan biyun na ɗora nawa.

Wa'adi na gabana: 12 ga Yuni zan miƙa takardar neman tallafin K99, wanda ke taimaka wa ɗan fosdok ya buɗe lab nasa. Duk abin da zan yi daga yau zuwa ranar don ita ne.

Juma'a, 17 ga Janairu

Jakar jinin farko ta iso ranar Laraba daga wani mai ba da jini da ban san sunansa ba, lamba kawai ake ba mu. Na ware ƙwayoyin T da maganaɗisu, na tashe su daga barci da 'yan ƙananan duwatsun CD3 da CD28 na kwana biyu, yau na cire duwatsun na haɗa su da Cas9, wato almakashin, da ɗan jagoran da ke nuna masa inda zai yanka, da DNA ɗin ƙugiya, na sa su a inji aka ba su shokin. Shokin ɗin ko ƙiftawar ido bai kai ba, huda fatar ƙwayar yake yi kayan su shige kafin ta rufe. Suna inkubeta yanzu, zafi 37 kamar jikin mutum. Sai jira.

Talata, 28 ga Janairu

Ba su yi ba. Almakashin dai ya yi aikinsa, a injin fulo, mai ƙirga ƙwayoyi ɗaya-ɗaya yana duba abin da ke jikinsu, kusan duk waɗanda suka rayu sun rasa tsohuwar ƙugiyarsu ta asali, to amma waɗanda suka rayun ne 'yan kaɗan, ka leƙa maikuroskof sai tarkace kamar an watsa dusa a ruwa. Cikin 'yan ragowar ma ɗaya cikin goma ne ko ƙasa da haka suka ɗauki CAR.

Na san dalili, kowa a fagen nan ya sani. Ƙwayar T in ta ga DNA mai igiya biyu yana yawo a cikinta a inda bai kamata ba, ɗauka take bairos ne ya shigo, akwai mai gadi a ciki da ake kira cGAS shi ke kaɗa ƙararrawa, ita kuma sai ta gwammace ta kashe kanta da ta zama gidan cuta. Wallahi duk da ɓata min aiki da ta yi abin ya burge ni, halitta ce ke yin aikin da aka halicce ta dominsa. In ka rage DNA su rayu amma ƙugiyar ba ta shiga, in ka ƙara ta shiga amma su mutu, gaba kura baya siyaki.

Ogarmu ta duba hotunan ta ce kar in ɓata wata guda ina wasa da awo, in koma DNA mai igiya ɗaya kawai, irin wanda mutanen Marson suka wallafa a 2022 mai ɗan wutsiya a gefe da Cas9 ke kamawa ya ja shi zuwa ciki. Na yarda da ita. Matsalar dai dogon DNA mai igiya ɗaya wuyar haɗawa ne da shi, saƙon nawa ya haura harafi dubu biyu. Mun yi oda a wani kamfani, ni ma zan gwada haɗa nawa a nan.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Yau ba wanda ya yi maganar kimiyya a mitin. Ranar Juma'a da ta wuce, 7 ga wata, NIH, hukumar da ke ba da mafi yawan kuɗin binciken lafiya a ƙasar nan, ta sanar cewa kuɗin da take ƙara wa jami'o'i a kan kowane tallafi don wuta da gini da ɗakin dabbobi da sauransu ba zai wuce kashi 15 cikin 100 ba, alhali manyan jami'o'i da yawa sama da kashi 50 suke karɓa. Da yamma mu ka ji wata alƙaliya a Massachusetts ta dakatar da abin. Kowa dai jikinsa a sanyaye, musamman mu baƙi da zamanmu a ƙasar ke rataye da aikin. Ogarmu ta ce mu bar mata wannan damuwar, mu mu je mu ciyar da ƙwayoyinmu. Na je na ciyar da su.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Wannan rubutun zai yi tsawo, don abin ya kwana biyu yana cina.

Kafin DNA ɗin ya iso na ce bari in shirya ƙwayoyin kansar da zan gwada sojojina a kansu. Na je tankin ruwan naitirojin na zaro 'yar kwalba, an rubuta Raji a jiki. Shekara nawa ina amfani da Raji, tun ina digiri na uku, na san suna ɗauke da alamar CD19 da ƙugiyar ke nema, na san yadda suke dunƙulewa kamar 'ya'yan inabi a cikin ruwan abincinsu, amma ban taɓa tsayawa na karanta takardar asalinsu da kyau ba sai ranar nan da nake cike fom ɗin ɗakin dabbobi. An ɗebe su ne a 1963 daga kumburin muƙamuƙin wani yaro ɗan shekara 11 a Ibadan, wani likita Bature mai suna Pulvertaft ne ya raine su a kwalba, kuma su ne layin ƙwayoyin jinin ɗan Adam na farko da aka samu ya ci gaba da rayuwa a lab ba ƙarewa. Yaron ɗan Najeriya ne. Na daɗe zaune da kwalbar a hannu har safar hannuna ta yi sanyi.

Ciwon da ya kama shi sunansa limfomar Burkitt, Denis Burkitt ne ya bayyana shi a Yuganda a 1958, yara masu kumburin muƙamuƙi ko ciki da ke girma cikin 'yan makonni. A cikin ƙwayoyin wannan ciwon aka gano bairos ɗin Epstein-Barr a 1964, bairos na farko da aka danganta da kansa a jikin mutum, kuma ciwon ya fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara a babban asibiti a gida ya ga irin fuskar nan, ko bai san sunan ciwon ba. Ni na gani ina ƙarama, ɗan maƙwabtanmu, aka yi ta cewa haƙori ne, daga baya aka ce daji ne, aka yi ta shafe-shafe har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ku duba. Shekara 62 ƙwayoyin yaron Ibadan na raye a firizoji daga Boston har Beijin, lab-lab ba iyaka sun gwada CAR-T ɗinsu na CD19 a kansu, maganin ya fito ya warkar da yara a ƙasashe masu kuɗi, amma yaran da suka fito daga inda ya fito ba su san ma ana yi ba. Ban faɗi haka don in zargi wani ba, ni ma ai da su nake aiki kuma da su zan nemi tallafi. Kawai dai daga ranar na daina kallon su kamar kayan aiki. Na sa a raina duk takardar da zan rubuta sai na faɗi daga ina suka fito, ko da layi ɗaya ne.

Talata, 4 ga Maris

Azumi na huɗu. DNA ɗin kamfanin bai zo ba har yanzu, sun ce na farko da suka haɗa bai kai tsaftar da ake so ba sun koma daga farko. Nawa da na haɗa da hannu ya fito amma ɗan mitsitsi ne, bai fi na gwaji biyu ba.

Na juya lokacin aikina, bayan sahur da asuba nake shigowa, lokacin ba kowa, injin fulo ba layi, kaina kuma a sake. Aikin fifet, ɗan bututun da muke awon ruwa da shi, da azumi sai da lura, da la'asar hannu kan fara rawa, kuma rami 96 ne a faranti, in ka tsallake ɗaya ba za ka sani ba sai bayan mako. Duk abin da ke buƙatar lissafi na mayar da shi kafin azahar. Maigidan ne ke ɗauko 'yarmu daga makaranta watan nan, Allah ya saka masa.

Litinin, 10 ga Maris

Funfuna a inkubeta. Faranti huɗu na zubar, har da wanda na sa rabin DNA ɗina na hannu. An kwashe komai an wanke an ƙona. Ba na son yin magana a kai.

Laraba, 19 ga Maris

Alhamdulillah, Alhamdulillah. DNA mai igiya ɗaya ya iso makon jiya, na yi shokin ranar Alhamis, yau na sa a fulo. Tun kafin fulo ma na san an samu canji, don ruwan abincinsu ya koma ruwan ɗorawa da wuri alamar suna ci suna ninkuwa, a maikuroskof kuma ga su dunƙule-dunƙule masu ƙyalli. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun ɗauki ƙugiyar, kuma yawan masu rai ya ninka na Janairu nesa ba kusa ba. Abin da ya fi min daɗi shi ne siffar hoton, duk sun taru wuri guda cif, kowace ƙwaya adadin ƙugiyarta kusan ɗaya da 'yar uwarta, saboda makunnin TRAC na asali ne ke juya su. Na bairos da na yi don kwatance kuwa a warwatse suke, wata ta ɗauka da yawa wata kaɗan, kuma masu yawan nan su ne ke ta harbi ba abokin gaba har su gaji tun kafin a kai su fagen fama.

Na tura wa ogarmu hoton, ta amsa da kalma biyu: maimaita, mutum uku. Gaskiyarta, jinin mutum ɗaya ba ya zama hujja, ƙwayoyin wani ƙarfi gare su na wani kuma da ka taɓa su sun langaɓe.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, mun je idi da safe na dawo na leƙa lab na awa ɗaya don ƙwayoyi ba su san sallah ba, sai an canja musu ruwa. Mutum na biyu ya yi kyau, na uku ya ɗan yi ƙasa amma ya shiga. Na haɗa su da Raji a faranti, kwana ɗaya suka share su. Wannan bai isa murna ba, kusan kowane CAR-T na kashewa a faranti ranar farko, shi ya sa nake ƙara musu sabbin Raji duk bayan kwana biyu ko uku in ga wa zai fara sarewa. A zagaye na biyar na bairos sun fara ja da baya, alamomin gajiya irin su PD-1 sun hau, nawa na TRAC na ci gaba.

Akwai abin da ke damuna kuma dole in duba shi da gaske. Yanka DNA ba wasa ba ne, an wallafa a 2022 da 2023 cewa in Cas9 ya yanka TRAC wasu ƙwayoyin kan rasa wani yanki na kuromosom 14 ko ma dukansa. Mutum ba zai ce yana gyara maganin cutar kansa ba alhali yana iya shuka wata, kuma ko na bairos ɗin ma a Janairun 2024 FDA ta sa a rubuta gargaɗi a jikinsu kan kansar ƙwayoyin T da aka gani a wasu 'yan tsirarun marasa lafiya. Na ware samfur na aika a karanta min ƙwaya ɗaya-ɗaya. Tsada ne da shi, ogarmu ta ɗan yi shiru kafin ta sa hannu, amma ta sa.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ɓeraye sun shiga aiki. Irin NSG ne, waɗanda aka haifa ba garkuwar jiki don kar su ƙi ƙwayoyin mutum, shi ya sa shiga ɗakinsu sai ka rufe jikinka ruf, kai ne haɗari a gare su. Na yi musu allurar Raji ta jijiyar wutsiya, Raji ɗin an sa musu ƙwayar gadon ƙwaron nan mai ƙyalli da dare, in ka yi wa ɓera allurar sinadarin ka sa shi a akwatin kyamara mai duhu sai kansar ta haska ka ga inda take. Yau na ba su ƙwayoyin T, da gangan na ba da kaɗan, don in ka ba da da yawa kowane iri warkarwa yake ba za ka ga bambanci ba.

Ban taɓa sabawa da wannan ɓangaren ba kuma ba na so in saba. Raji in ya yi yawa ƙafafun baya yake shanyewa, ƙa'ida ita ce da ka ga alama ka sauƙaƙa wa dabbar kar ta wahala. Kullum sai na duba su da kaina, har Asabar da Lahadi.

Talata, 29 ga Afrilu

Umma ta kira jiya, wai 'yar Gwaggo an ce mata kansar mama ce kuma ta yi nisa, ta daɗe tana ɓoyewa. Sai Umma ta ce, ke da ki ke aikin maganin kansa, ba za ki aiko mata da shi ba? Na rasa ta inda zan fara. Na ce Umma ki yi haƙuri, wanda nake yi na kansar jini ne kuma a ɓera ma yake tukuna, irin nata sai tiyata da kemo da gashin ciwon da na'ura, ku taimaka kar a tsaya na gargajiya a ɓata lokaci. Ta ce to Allah ya sa albarka a abin da ki ke yi. Na tura abin da zan iya na kuɗin allurai, na kwana ina juyi.

Gara in faɗi gaskiya a nan don ƙanwata da ƙawayenta kar su ɗauka CAR-T ne abin da gida ya fi buƙata yau. Ba shi ba ne. Limfomar Burkitt ɗin nan da kemo ake warkar da ita, a ƙasashe masu kuɗi yawancin yaran tashi suke. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a can sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa na warkewa, a ƙasashe irin namu da yawa kuwa ƙasa da kashi 30. Ba fasahar CRISPR ce ta raba mu da su ba, zuwa asibiti da wuri ne, da mai duba nama ya faɗi sunan ciwon daidai, da magani na gaske, da jinin ƙari, da kuɗin motar dawowa zagaye na biyu. Kuma har yau CAR-T bai yi abin kirki a kansar mama ko hanta ko mafitsara ba, ƙarfinsa a jini yake.

To me ya sa ban bari ba? Saboda na ga abin da Indiya ta yi. A Oktoban 2023 suka amince da nasu, NexCAR19, wanda aka haɗa tsakanin IIT Bombay da asibitin Tata Memorial, kuɗinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na na Amurka. A Sifen ma asibitin Clínic na Barcelona da kansu suke haɗa nasu. Ashe tsadar ba daga sama ta faɗo ba, mutane ne suka zauna suka rage ta mataki-mataki, kuma cire bairos babban mataki ne. Wani ya yi aikin yau wani ya yi na shekara goma sha biyar masu zuwa, ni a na biyun Allah ya ajiye ni, kuma ina roƙon ya sa in ga ranar da za a haɗa shi a Zariya ko Kano ko Ibadan.

Juma'a, 16 ga Mayu

Jiya labari ya fito daga asibitin yara na Philadelphia, jariri mai wata cutar hanta ta gado da jikinsa ba ya iya fitar da amoniya, Kiran Musunuru da Rebecca Ahrens-Nicklas da tawagarsu sun haɗa masa maganin gyaran harafi ɗaya na DNA nasa shi kaɗai cikin wata shida. Duk lab aka taru kan kwamfuta ɗaya ana karantawa. A asibitin nan ne dai a 2012 aka fara ba yarinya 'yar shekara shida CAR-T.

Nawa ɓerayen: waɗanda ba a ba komai ba duk sun tafi tun mako na uku. Na bairos hasken ya ragu sannan ya dawo a mafi yawansu. Na TRAC yawancinsu duhu, ba haske, biyu ne ya fara dawowa a cikinsu. Biyun nan nake son sani, shin ƙwayoyin T ne suka ƙare ko Raji ne ya ɓoye CD19 ɗinsa, don haka ke faruwa a mutane ma.

Talata, 27 ga Mayu

Rubutu ba dare ba rana. Ga masu son bin wannan hanyar, ga yadda K99 take: NIH na biyanka har shekara biyu kana ƙarƙashin oga, in ka samu kujerar farfesa a wata jami'a sai ta koma R00, shekara uku, har dala 249,000 a shekara ka buɗe lab naka. Sharaɗi kar ka wuce shekara huɗu a fosdok, kuma tana cikin 'yan kaɗan da wanda ba ɗan ƙasa ba zai iya nema, shi ya sa mu baƙi duk ita muke hari. Shafi ɗaya na manufofi shi ne ran takardar, na sake rubuta shi ya fi sau goma. Ogarmu ta mayar min da shi ja-wur, ta ce na cika bayanin yadda zan yi ban faɗi me ya sa ni ce zan yi ba, kuma dole a ga inda hanyata ta rabu da tata, in ba haka ba za su ce hannunta ce kawai ni.

Da na gaji sai in tuna Carl June. Likitan sojan ruwa ne, ya yi shekaru yana aikin ƙwayoyin T a kan cutar HIV, matarsa ta farko ta rasu da kansar ƙwan mahaifa a 2001, lokacin da ya so gwada CAR-T a mutane kuɗin gidauniyoyi masu zaman kansu ne suka ɗauke shi, mutum uku kacal ya iya yi wa a 2010. Biyu daga ciki cutar ta ɓace, a 2022 aka wallafa cewa bayan shekara goma ƙwayoyin na nan a jininsu suna sintiri. Yarinyar 2012 kuwa saura ƙiris zazzaɓin maganin ya kashe ta, suka ga sinadarin IL-6 ya yi sama sosai, shi kuma ya san maganin da ke toshe shi, tocilizumab, saboda 'yarsa na amfani da shi don ciwon gaɓoɓi. Yau duk asibitin da ke ba da CAR-T sai ya ajiye wannan maganin a kusa.

Na sa labarin Raji a sakin layi na farko na bayanin kaina. Na yi tunanin za ta ce in cire, sai ta rubuta a gefe: bar shi.

Alhamis, 12 ga Yuni

An miƙa. Ofishin tallafi na jami'a sun danna tun shekaranjiya, yau na ga ta shiga ba kuskure, wasiƙun shaida duk sun iso, ta ƙarshe ranar babbar sallah ta shigo ina tsaka da suyar nama. Sai wajen Oktoba ko Nuwamba kwamiti zai zauna a ba da maki. Na yi barcin awa goma sha ɗaya.

Litinin, 23 ga Yuni

Sakamakon karatun ƙwaya ɗaya-ɗaya ya dawo, kuma akwai 'yan ƙwayoyi da suka rasa wani yanki na kuromosom 14, ba su da yawa kuma sun ragu a samfurin mako na biyu, amma suna nan. Na so ace babu. Na kai wa ogarmu da safe mun zauna a kai kusan awa biyu. Takardar 2023 ta nuna in aka yi yankan kafin a tashi ƙwayoyin daga barci asarar na raguwa, matsalar ita ce ƙwayar da ke barci ba ta karɓar sabon saƙo da kyau, don haka sai na nemo tsakiya, zan gwada shokin a awa 12 da 24 da 48 bayan tashi in ga inda aka fi samun daidaito.

Ɓeraye biyun nan kuma na duba ɓargonsu, Raji na nan da CD19 ɗinsa, ƙwayoyin T ne babu. Kenan ƙarewa suka yi, ba ɓuya aka yi musu ba, zan gwada canja abincin rainon daga IL-2 zuwa IL-7 da IL-15 ko za su fi daɗewa.

'Yar Gwaggo ta yi zagaye na biyu na kemo, Umma ta ce gashi ya zube amma tana cin abinci. Jakar jini ta gaba Laraba za ta iso, na riga na yi bukin ɗin injin shokin na ranar Alhamis da Juma'a, gobe kuma zan narkar da sabuwar kwalbar Raji don na yanzu sun daɗe a waje.